Tuntun Jan Fata a Bakin Kube

A duk shekarun da na yi ina dukanci a Abijan, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Asabar, shekara biyu bayan ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Ku da kuke koyon aiki a rumfar nan, ku ajiye basilla ku saurara.

Lokacin ina da rumfa a kasuwar Treichville, layin dukawa, ina ɗinka takalma da jakunkuna da kuben wuƙa. Wanda ya shigar da ni aikin masu bindiga wani tsohon soja ne, Saje Hamidu, mutumin Damagaram, da ya yi wa Faransa yaƙi ya dawo da gashi fari fat. Shi ke kula da filin wata ƙungiyar masu gasar harbi a bayan unguwar Adjamé, cikin wani tsohon rami da aka haƙi marmara. 'Yan ƙungiyar manyan mutane ne, Turawa da Kwarori, wato 'yan Labanan, da wasu ma'aikata 'yan ƙasa.

Ga yadda gasar take. Mutum zai tsaya hannuwansa sama, libarbarsa, wato ƙaramar bindigar hannu, na cikin kube a ƙugu. Da an busa usur sai ya zaro ta, ya harbi kwalaye uku da aka kafa, ya ruga bayan wani tsohon duro, ya sake zuba harsashi, ya harbi sauran. Ana duba inda ya samu, ana kuma duba agogo. Saboda haka kayan da ya ɗaura suna da muhimmanci kamar idonsa. Saje ya zaunar da ni ya koya mini: ɗamara ta zama ƙirgi mai kauri, faɗin yatsa uku, kada ta lanƙwashe, kube ya tsaya ƙyam, bakinsa a buɗe, aljihun harsasai a hagu. Abin da ya fi nanatawa shi ne fatar kube ta rufe kunamar bindiga ruf, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja. Da yake baƙo irina ba shi da izinin ajiye bindiga, sai ya sa masassaƙi ya sassaƙa mini ta itace daidai girmanta. A kanta nake jiƙa ƙirgi in matse, in shanya a inuwa, sannan in goge baki da kakin zuma.

Wata rana wani ɗan ƙungiyar ya zo in ɗinka masa kube, Mushe Kwame (Mushe shi ne Malam a Faransanci), babban akawu a wani kamfanin katako. Mutum ne mai fara'a, amma yana son ya fi kowa. Da Julanci, harshen kasuwar garin, muka yi magana.

"Ka rage mini bakin kuben," in ji shi. "Ina so yatsana ya tarar da kunama tun tana cikin kube."

Na ce, "Mushe, Baba Saje ya hana wannan."

"Saje tsoho ne. Ni nake harbi, ba shi ba."

Na ƙi, ya yi dariya ya bari. Sai ya ce to aƙalla in yi masa adon da za a gane nasa daga nesa. Nan ne son a yaba mini ya shige ni. Na yanka jan fata sirara na yi tuntu mai kyau, na ɗinka shi a gefen kuben, yatsa biyu ƙasa da baki. Ya karɓa yana ta murna.

Asabar ɗin da ta biyo, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina zaune ina ɗinkin takalmi, sai na ga inuwa ta rufe mini aiki. 'Yan sanda biyu ne. Ɗaya ya kira sunana, ya ce in taso. Maƙwabcina Ɗanjuma, wanda kullum bakinsa ba ya hutawa, ya duƙar da kai kan fatarsa. Ban ga laifinsa ba. Dukanmu baƙi ne, kuma a lokacin maganar bindiga ba abin da ake son a ji sunan mutum a ciki ba ne.

Suka sa ni a bayan mota. Muna haye gada ina kallon ruwa. Na yi ta lissafin abin da na aikata, ban gano ba. Na tuna matata Hajara da ke gida da tsohon ciki, ba ta jin Faransanci ko Julanci, ba ta san ko hanyar tashar Adjamé ba. Na so in karanta addu'a, amma sai na kama farkonta ƙarshen ya ɓace mini.

Da muka isa filin, abin da na fara gani yashi ne da aka zuba sabo a wuri guda, jini ya ɓullo ta gefensa. Mutane kamar ashirin suna tsaye. A kan tebur ga kuben da na ɗinka, ƙasansa ya fashe ya yi baƙi. Saje Hamidu ya matso ya ce da ni a hankali, "Malam Sule, Kwame ne. Yana mayar da bindiga cikin kube ta tashi. Harsashi ya shiga cinya. An kai shi asibiti, ba mu san halin da yake ciki ba."

Kwamishinan 'yan sandan yankin, wani siririn mutum mai tabarau, yana zaune bayan teburin. Saje ne tafinta.

"Wannan aikinka ne?"

Na ɗauki kuben. Nan take na ga abu biyu. An yanke bakin da reza, an rage shi yatsa biyu, har zaren ɗinkin ya tsinke. Kuma saboda wannan yankan, tuntuna da yake can ƙasa ya dawo daidai kan baki, yana lilo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗinkin nawa ne, amma yankan nan ba wuƙata ba ce. Duk bakin da na gama ina goge shi da kaki. Duba wannan, ɗanye ne."

Ya shafa da yatsa, ya kwatanta da kuben Saje wanda ni na ɗinka shi ma. Sannan ya ce yankan kaɗai ba ya harba bindiga, yana so ya ga abin da ya ja kunamar. Ya sa Saje ya kawo libarbar Kwame. Saje ya buɗe ta, ya zazzage, ya ɗaga ta sama ya nuna wa kowa ramukan harsashi shidan babu komai, ya sake nunawa, kamar yadda dokar filin take. Suka ɗaura mini ɗamarar, jinin mutumin bai gama bushewa a jikinta ba. Saje ya miƙo mini bindigar.

Ban taɓa riƙe ta gaske ba sai ranar. Na saba da ta itace, wannan kuwa nauyinta ya ja hannuna ƙasa, ga sanyi, ga warin albarushi. Na ga ramukan da idona, amma zuciyata ba ta yarda babu komai a ciki ba.

Kwamishina ya ce in mayar da ita cikin kube. Na sa a hankali, shiru. Na zaro na sake sawa, shiru. Gaskiyar magana, ina sane na danne tuntun da ƙaramin yatsana, na hana shi motsi. Babu wanda ya lura sai mutum ɗaya.

Saje ya sunkuyo kamar yana gyara ɗamarar, ya ce da Hausa, "Malam Sule, ɗage yatsan nan. Sa ta yadda mai gaggawa zai sa."

Na dube shi. Mutumin da muke cin tuwo tare kowace Juma'a ne. Bai kau da ido ba.

Na ɗage yatsan. Na zaro, na danna ta ciki da ƙarfi. Silin tuntu biyu suka faɗa cikin zoben da ya kewaye kunama, bindiga na sauka suna ja, sai na ji ƙas a jikin cinyata. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken ashana ba. Wani Bature ya ja tsaki. Na ce a raina shi ke nan, na kashe mutum da adona.

Aka kai ni ofishin 'yan sanda aka zaunar a benci, ba a kulle ni ba, ba a kuma ce in tafi ba. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ɗauka labarin mutuwa ne ya iso. Azahar ta wuce, na roƙi ruwa na yi salla a gefen benci. Bayan la'asar Saje ya shigo tare da kwamishina. Kwame ya farfaɗo, harsashin ya kauce wa babbar jijiya. Da aka tambaye shi ya ce shi ya yanke kuben da hannunsa daren Juma'a, ya kuma ce baduku ya gargaɗe shi ya ƙi ji. Kwamishina ya rubuta, ya sa na dangwala yatsa, ya ce daga yau duk kuben da zan ɗinka sai Saje ya duba kafin ya shiga fili.

A ƙofa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba Saje, da ka yi shiru da tuni ina gida."

Ya ce, "Da kana gida. Mutum huɗu sun ga tuntun nan da safe sun ce za su zo ka yi musu irinsa."

Muka taka har tasha, ya sa ni a motar Treichville.

Bayan mako biyu na je asibiti. Kwame ya rame, ƙafarsa a ɗaure. Ya kama hannuna ya ce, "Ni na yanka." Na ce, "Ni na ɗinka tuntun." Ya warke, amma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, bai kuma sake shiga gasa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne kayan da ka ɗinka ba sa zama yadda ka sallame su. Mai su zai yanka, zai jiƙa, zai yi gaggawa, saboda haka duk abin da ka ƙara wanda aikin bai nema ba, ka ɗauka wata rana zai shiga inda ba ka nufa ba. Ta kuma koya mini sanin mutane. Na yi wata guda ina jin haushin Saje Hamidu, ina gaishe shi sama-sama. Daga baya na lura cewa a filin nan duka, da Turawansu da manyansu, babu mai ɗaura kube sai ya fara miƙa wa tsohon nan ya jujjuya shi. Ni ma na shekara goma sha ɗaya ina kai masa aikina, kuma sau da yawa ya mayar mini da shi in warware in sake.