Kat-kat Ɗin da Shanu Sunka Jawo

Jama'a, yau saura ƙiris wani dillali ya shafa min!

Ya kawo mota mai tsayi, wai kat-kat ce, mai ja da taya huɗu, har cikin gona za ta kwaso min albasa. Na ce mu gwada ta hanyar Madekali.

Ya ce, "Alhaji, kwalta ma ai ta isa gwaji."

Nan hankalina ya ƙi kwanciya. Na nace, munka tafi.

Muna shiga rairayi ta kafe! Tayoyin gaba na ta tono, na baya ko motsi!

Na ce, "Ina kat-kat ɗin?"

Wai kurosoba ce, jikin na daji, ƙafafun na gari.

Shanun wani manomi sunka jawo mu. Dillalin ko kunya, wai, "Alhaji, taya mana."

Na ce, "Shanun zan taya."