Matar da ta Sayar da Barcinta

Shekarar da shanu suka ƙare a Madarumfa ina yarinya, ko babban tulu ban isa ɗauka ba. Ciwo ya shiga garke, kafin damina ta fita babu saniya tsaye a unguwarmu. A daminar nan kuma mahara suka faɗa wa manoma a gonakin yamma, suka tafi da mutane, har da Baba. Gida ya rage daga Inna sai ni, sai ƙanena Ilu da ke goye, sai kakata Iya, mahaifiyar Inna, wadda ta baro Gabi ta zo zama da mu bayan ƙafafunta sun gaza.

Inna ta ɗauki komai a kanta. Ita ce gona, ita ce itace, ita ce ruwa. In ta dawo ta yi wa masunta bandar kifi a bakin tabki, su sallame ta da 'yan ƙanana, ta yi wa maƙwabta surfe a ba ta tsaki da dusa. Tuwon da ta tuƙa mu take tura wa, ta ce ta ci a waje. Nakan yi barci da ƙarar dutsen niƙa a kunnena, in farka da asuba in ji bai tsaya ba. Idanunta suka faɗa. Ta fara yi mini tsawa a kan abin da bai kai ba. Sannan nono ya soma ɗaukewa. Ilu ya kama, ya tsotsa, ya saki da kuka, har kukan ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa.

Iya tana ganin duk wannan. Amma Inna ce 'yarta ta fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta nuna masa tausayi a fili. Abin da ya rage mata shi ne bakin wuta. Bayan magariba mukan hura karan dawa a tsakar gida, yaran maƙwabta su shigo, mu kewaye ta tana yi mana tatsuniya. Wata rana ta sa na ja mata tabarma kusa da inda Inna ke niƙa, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata baƙuwa tafe daga nesa," in ji ta, "wa zai ba ta wurin zama?"

Muka ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa."

Ta ce wai an yi wata mata mai 'ya'ya da yawa, rana ba ta isarta aiki. Ta je bakin tabki tana kuka, sai aljanin ruwa ya fito ya ce, in ta ba shi barcinta zai ba ta dare ya zama nata kamar rana. Ta yarda, ya zare barcin daga idonta ya zuba a gora ya toshe. Ta yi ta aiki, rumbu ya cika, ta gina wani ya cika. Sai ta fara zuba toka a miya a maimakon gishiri. Ta manta hanyar gonarta. Wata safiya ƙaramin ɗanta ya riƙe mata zane yana kiran ta, ta dube shi ta ce, "Ɗan wa ne wannan? A kai shi gidansu." Da maƙwabta suka gaya mata abin da ta yi, ta ruga tabki ta roƙi aljani. Ya ce barci ya yi tsada yanzu, sai dai ta ba shi rumbunan duka. Ta ba shi, ta koma gida hannu wofi, ta kwanta. Da ta tashi ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

"Nan baƙuwar ta naɗe tabarmarta," in ji Iya.

Dutsen niƙa ya tsaya. Inna ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Iya, ita tana da rumbun da za ta bayar. Ni in na kwanta, wa zai niƙa? Aljanin?" Yara suka sulale ɗaya ɗaya. Iya ta ci gaba da tura kara a wuta.

Ba a daɗe ba masunta suka shigo da Inna a kan asabari. Jiri ya ɗebe ta a wurin banda, ta faɗi, hannunta ya sauka a garwashi. Na tsaya riƙe da Ilu wanda ya daina ko kukan, ina kallon fatar hannunta a saluɓe, na tabbata yau za mu rasa su biyun.

Ranar Iya ta ajiye kunya. Ta ja jiki da gwiwa har inda aka shimfiɗe ta, ta ɗora kanta a cinya, ta ce, "Hadiza. Hadiza, ki kwanta." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta aike ni gidan Tasalla, wata Ba'arna maƙwabciyarmu mai shayarwa, wadda ba salla take yi ba amma ba ta tambayi komai ba, ta karɓi Ilu ta sa a nono. Iya ta dama kunun kanwa ta ba Inna da ludayi kamar jaririya. Daga nan ta kafa doka. Inna za ta ci tuwo a ƙwarya ɗaya da mu, a gabanta. In rana ta take, za ta kwanta a gindin tsamiya. Da magariba babu niƙa, za ta zauna bakin wuta a shafa mata man kaɗe a ƙafa. Ni na koyi surfe, Iya kuwa ta riƙa niƙa a zaune, kaɗan kaɗan. Mun ci yunwa a ranin nan fiye da da, ba zan ɓoye ba. Amma nono ya dawo, Ilu ya rayu har ya ga jikoki. Baba bai dawo ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar gargaɗi ce kawai ga mai yawan aiki. Sai da na yi nawa gida, na ga yadda hidima ke cinye mutum da ransa, na gane hutu ba ya samuwa sai ka yarda wani ya taɓa kayanka, ko da ba zai ɗauka kamar kai ba.

Da Inna ta tsufa ina yi mata tsifa wata rana, na tambaye ta me ya hana ta zama tun farko.

"Ba hatsin ba ne kaɗai," in ji ta. "In na zauna sai in tuna ubanki. Tsoro nake in fara kuka in kasa dainawa."

Na ce, "To, da kika zauna fa?"

"Na yi kukan," ta ce. "Ashe yana ƙarewa."