Sista Ba-Komai da Sabon Bokiti

Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a ɗakin mata na hawa na biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ta yarda wani abu komai ne ba. Majinyaciya ta ce allura ta yi zafi, ba komai. Ta ce filasta na yi mata ƙaiƙayi, ba komai. Ta ce tana jin gadon yana juyawa da ita, ba komai, rufe ido. Da haka sunanta na yanka ya ɓace. Daga masu shara har likitoci kowa Sista Ba-Komai yake ce mata, ita kuwa tana amsawa da fara'a, don a zatonta yabo ne. Yanzu in tana ba da labari takan ce, "Shekara talatin ana yi mini ba'a a gabana, ina cewa na gode."

A yi mata adalci, ta iya aiki. Jijiyar da ta gagari mutum uku, ita sau ɗaya take sokawa ta samu. Kanula kuwa, ɗan siririn bututun robar nan da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa da magani, in ita ta sa sai ta yi kwanakinta ba ta toshe ba, saboda ba ta wasa da wanki. Kafin magani a tura ruwan gishiri, bayan magani a sake turawa. Lokacin da ta fara aiki da hannu ake zuƙo ruwan daga kwalba, a ɗaga sirinji sama, a ƙwanƙwasa shi da farce har kumfar iska ta hau. Tana ji da wannan ƙwanƙwasar kamar ita ta ƙirƙiro ta.

Saura shekara huɗu ta yi ritaya aka fara kawo sirinji mai ruwansa a ciki, kowanne a ledarsa, sai dai a yage a yi aiki. Ta raɗa masa suna sirinjin malalata. Ranar farko ta ƙi tsayawa ta ji bayani, wai sai an ɗan danna sandar sirinjin tukuna da murfin a rufe don ta saki. Ta cire murfi, ta danna da ƙarfinta, ruwan ya yi tsartuwa ya sauka a gilashin babban likita. Ya cire gilashin yana gogewa da gefen rigarsa, ya ce, "Ba komai, Sista." Har majinyatan da aka hana dariya saboda ɗinki sai da suka dara.

Daga baya ta saba da sirinjin, har ta fi kowa saurin aiki da shi, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Abin da bai taɓa shiga kanta ba shi ne ƙorafin da ya zo tare da shi. Jifa-jifa, tana cikin turawa, sai wata ta yamutsa fuska ta ce, "Sista, ina jin wani ɗanɗano a bakina."

"A hannu na zuba, ba a baki ba," in ji ta. "Jijiya daban, harshe daban. Tsoro ne kawai."

Haka ta riƙa koya wa ɗalibanta ma, tana kaɗa yatsa, su kuma suna rubutawa a littafi.

Mijinta mai gyaran rediyo ne, shagonsa ɗan tsukuku a bakin titi, cike da wayoyi da ƙananan kusoshi a gwangwanayen madara. Mutum ne mai kunne. A kawo masa rediyo tana shaƙe, ya kara ta a kunne, ya ce ga inda take ciwo. Magana ba ta dame shi ba, wanda hakan ya yi daidai, tunda a gidan akwai mai yi wa mutum biyu. Shekara biyu bayan ta yi ritaya ya taka wata 'yar ƙusa a shago. Ga shi da ciwon sukari, ciwon ya ƙi warkewa har ya kai ga ƙashi. Aka kwantar da shi mako guda, sannan likita ya ce sauran maganin ta jijiya ne na makonni, amma tunda akwai Sista a gida, su tafi.

Ta share teburin ɗaki, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera auduga da safar hannu da kwalin sirinji. A gaskiya daɗi ta ji. Ritaya ta ishe ta, ga majinyaci ya zo har gida, wanda ba shi da wurin gudu.

Safe da yamma take yi. Ta wanke hannu, ta goge bakin kanular da audugar sifirit, ta bari ya bushe, ta danna sandar, ta cire murfi, ta fitar da iska, sannan ta tura kaɗan ta tsaya, kaɗan ta tsaya. A rana ta biyu ya motsa baki ya ce, "Sista, wannan ruwan naki yana da ɗanɗano."

"Kai ma, Malam?"

"Kamar na lashi sabon bokitin roba."

Da ta tsaya nan da sauƙi. Amma bokitin ya ba ta dariya ƙwarai, ta kasa riƙe shi ita kaɗai. 'Yarsu ta zo dubiya da mijinta, ta ba su labari. Ƙanensa ya zo, ta ba shi. Maƙwabta suka zo, ta ce, "Ku tambaye shi yaushe ya fara lasar bokiti, ni dai ban taɓa kama shi ba." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi murmushi yana kallon ƙafarsa. Daga ranar bai sake maganar ɗanɗano ba, ita kuma ta ɗauka ta warkar da shi ne.

Wata safiya ta ji sandar ta ɗan yi tauri a ƙarƙashin babban yatsanta. Ta san ƙa'ida sarai, ita ce ma take koyar da ita: in ruwa ya ƙi tafiya ba a tilasta masa. Ta tambaye shi, "Da zafi?"

"Ba komai," ya ce.

Ta yarda, don kalmarta ce, ta tura. Washegari hannun ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi. Suka koma asibiti. Likita ya tambaye shi tun yaushe wurin yake masa zafi, ya ce yau kwana uku.

"To, Baba, me ya hana ka faɗa, ga ma'aikaciyar jinya a gida?"

Bai dube ta ba. Ya ce, "Na ga kamar ba komai ba ne."

Kunyar da ta ji a tsaye a bakin gadon nan ba ta taɓa jin irinta ba, har da ranar gilashin babban likita. Hannun ya sace cikin kwana huɗu, ƙafar ma ta warke a hankali, amma wani abu bai warke ba. Malam ya daina gaya mata komai game da jikinsa. Ta ga yana dafe kai, ta tambaya, ba komai. Ta ga ya bar abinci, ba komai. Ta ce ya kawo ƙafar ta duba, ya ce ya duba da kansa. Ita kuwa ta fi kowa sanin yadda ƙafar mai ciwon sukari take lalacewa a ɓoye, ba sallama. Tsoro ya kama ta sosai. Mutumin da ta zauna da shi shekara arba'in zai iya ruɓewa a cikin safarsa, tana ɗaki ɗaya da shi ba ta sani ba.

Haƙuri fa? Ta yi niyya ya fi sau goma. Sai ta buɗe baki, girman kai ya riga ta. A ranta takan ce, zafin hannu gaskiyarsa ne, amma bokiti dai ƙarya ne, ba za ta ba da haƙuri a kan bokiti ba. Ta dafa masa abin da yake so, ta goge masa riguna, ta sayo masa sabon takalmi mai laushi. Ya yi godiya kamar baƙo.

Bayan shekara guda aka ce za a cire mata tsakuwa a matsarmama. Wanzami ba ya son jarfa: ta soki gadon, ta soki filastar, ta gaya wa mai sa mata kanula jijiyar da za ta nema. A ɗakinta na da aka kwantar da ita, kuma shugabar ɗakin yanzu tsohuwar ɗalibarta ce, mace mai 'ya'ya uku da furfura a goshi. Malam yana zaune a kujerar roba kusa da taga, da wata ƙaramar rediyo a cinya yana kwance ta, don ba ya iya zama hannu banza.

Da hantsi, kwana ɗaya bayan tiyatar, shugabar ta zo da kanta. Ta goge bakin kanular, ta danna sandar, ta cire murfi, ta fitar da iska. Sista tana binta da ido tana neman kuskure, ba ta samu ba. Ruwan ya shiga da ɗan sanyi, ya hau hannu.

Sai ga shi a bakinta.

Ba a harshe sosai ba, can baya, tsakanin maƙogwaro da hanci. Roba. Sabuwar roba, irin wadda ba a taɓa zuba ruwa a ciki ba. Ta haɗiye yawu, yana nan. Fuskokin matan da ta ce wa tsoro ne kawai suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, kuma suna da yawa.

"Lafiya, Sista?" in ji shugabar. "Na ga kin yamutsa fuska."

Kalmar tana kan leɓenta a shirye, shekara talatin da biyu tana nan ba ta taɓa makara ba. Ba wanda zai sani. Za ta iya mutuwa da bokitin nan a bakinta.

Ta juya wajen taga ta ce, "Malam."

Ya ɗago.

"Bokitin nan. Sabo fil ne, ko?"

Ya daɗe yana kallonta, da ɗan sukudireba a hannu. Shugabar ta tsaya da sirinji, ba ta gane komai ba.

"Sabo fil," ya ce.

"Na ji shi. Wallahi na ji shi. Ka yafe mini." Hawaye ya zubo mata, dariya kuma tana son fitowa, ɗinki ya hana. Ta dubi shugabar ta ce, "Ke kuma, abin da na sa kuka rubuta a littafi, ki je ki yage shafin."

Malam bai yi dariya ba, bai kuma ce "ba komai" ba. Ya ajiye rediyon a ƙasa a hankali, ya sunkuya ya cire takalmin nan mai laushi, ya zare safa, ya ɗora ƙafar a bakin gadonta.

"Tunda kin farka, Sista," ya ce, "duba mini ɗan yatsan nan. Yau kwana biyar ba na jin sa."

Ta yunƙura ta tashi zaune, ɗinkin yana ja, kanula a hannu. Ta kama ƙafar ta juya ta wajen haske, ta duba ƙarƙashin yatsan da kyau.

"Kira mini likita," ta ce wa shugabar. "Yanzu. Wannan komai ne."