Kunnuwan Kakanki a Bangon Shagon Aski

Ke, kin san wanda ya zana fuskar nan da baƙi suke tsayawa suna ɗauka a waya, a bangon tsohon shagon aski? Ba ki sani ba ko? Kullum kina wucewa ta gabanta kamar akuya ta wuce masallaci. To ajiye wayar nan ki matso. Fuskar ta kakanki ce, wanda ya zana kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk layin nan ke kira Mai Buroshi.

Shi Yaya, Allah ya jiƙansa, aikinsa zanen shaguna. Gajere ne, ga tsani a kafaɗa, ga gwangwanayen fenti a rataye a keke suna ƙara tun daga nesa. Rigarsa kuwa ba wanda ya san asalin launinta. Amma yana da wani hali: ba ya zana mutum daga kansa. In tela ya ce a zana masa mace sanye da ɗinki, sai Yaya ya zaunar da matar mai gyaran rediyo a kan benci. In mai gyaran takalmi yana son ƙafa, ƙafar wani ce a layin, har da karkataccen yatsanta. Yakan ce shi bai iya ƙarya da buroshi ba.

Da kakanki ya buɗe shagon aski, ya ce a zana masa kan wani kyakkyawan saurayi. Yaya ya ce masa, "Zauna."

"Ni? Ai kyakkyawa na ce maka."

"Ƙanwata ta ce ka isa. Ni dai ban gani ba, amma zauna."

Kwana biyu yana zanawa. Da ya gama, ga kakanki sak, da wushiryarsa da komai, sai dai kunnuwa kamar faifai. Kakanki ya ce a rage. Yaya ya ce, "Wallahi na ma rage." Shekara talatin suna wannan faɗa, kullum da safe, kafin su gaisa. Da kakanki ya rasu, ba mu da hotonsa ko ɗaya, don shi ba ya yarda a ɗauke shi. Bangon nan ne kaɗai. In zan je kasuwa nakan bi ta nan ko da hanyar ta fi nisa.

To ana nan, sai hukumar gari ta tashi da wani buri. Mota da lasifika tana zagayawa, wai garinmu zai zama matattarar masu fasaha ta duniya baki ɗaya. Za a gina katafaren zaure, za a kawo masu zane daga ƙasashen waje, jirage su riƙa sauke baƙi. Layinmu ne hanyar zuwa zauren, don haka aka ce duk bangon shaguna a mayar da shi fari fat, kada baƙi su ga tarkace.

Yaya ya sa rigarsa ta zuwa suna, ya je ofishinsu. Ya tarar da wata yarinya mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, har ruwa ta ba shi. Ya ce, "'Yata, na ji kuna neman masu zane. Ga ni."

Ta ce, "Baba, masu fasaha ake nema."

"To ni mene ne?"

"Kai ai mai fenti ne, Baba."

Bai yi fushi ba. Ya murza hularsa, sannan ya ce, "To tunda mai fenti ne, a ba ni aikin shafe layin." Aka ba shi.

Ranar da na ji, ban ci abinci ba. Na same shi a kan tsani na ce, "Yaya, da hannunka? Mijina ne fa. Har da Inna a bangon mai niƙa." Don mahaifiyarmu ma tana can, ɗauke da ƙwarya a ka. Bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ƙanwa, matsa, za ki ɓata zaninki." Tun daga ranar ban ƙara taka gidansa ba.

Abin da ban sani ba shi ne wannan. Sun ba shi fentin mai, wanda in ya kama bango ya kama ke nan. Da shi ya shafe ƙofofi da ginshiƙai da duk inda babu kowa. Amma in ya zo kan fuska, sai ya sauko, ya jawo wani bokiti daban da ya dama farar ƙasa a ciki, tsararo, ba gishiri ba ƙaro, ba abin da zai riƙe ta. Ya shafa a hankali kamar mai lulluɓe jariri. In ta bushe, fari fat, ba ka bambancewa. Mai duba aiki ya zo ya yaba, har ya ce layinmu ya fi ko'ina haske.

Aka buɗe zaure, aka yi kiɗa, wani dogon baƙo ya zana tsuntsu mai ƙafa uku a bangon tasha, muka je muka gani, muka ce madalla. Sai damina ta faɗi. Ruwa na farko, mai niƙa ya ga gefen ƙwarya a bangonsa. Ruwa na uku, ga idon matar mai rediyo yana leƙen mutane. Kafin kaka, duk mutanen layin sun dawo, rayayyu da matattu, kamar masu fitowa daga hazo. Baƙi suka juya wa tsuntsu baya suna tambaya wa ya yi wannan. Yarinyar nan mai tabarau ta zo da kanta, ta tsaya ta daɗe, daga baya ta sa aka kafa rumfar kwano a kan kowace fuska. Na ji shugabansu a rediyo yana cewa da ma cikin tsarinsu yake. To, Allah ya ba shi lada.

Shi dai Yaya bai ga rumfar ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun farkon daminar. Washegarin ruwa na biyu na bi ta shagon aski, na ga abin da na gani, sai na wuce gidansa kai tsaye, ko mayafina ban gyara ba. Yana kwance a tabarma, buroshinsa yana jiƙe cikin gwangwanin kananzir a bakin ƙofa. Na durƙusa a gefensa.

Ya buɗe ido ya ce, "Fushin ya ƙare?"

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Bar wannan. Me ya fito?"

"Kunne ɗaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi sai ya kama hannuna ya ce, "Ai na san kunnen zai riga shi isowa. Ki yi haƙuri da sauran, Ƙanwa, kin san mijinki, bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba."