Sadiku ya rubuta sunan Ummansa a ƙasa

Jiya Juma'a na tsaya a maƙabarta riƙe da hannun ɗana Sadiku, na kasa gane kabarin mahaifiyarsa. Ruwan damina ya tafi da alamar da na sa.

Ita ta fara koya masa baƙaƙe a gidanmu na Gangaren Tudu, amma ba ta ga ranar da ya haɗa kalma ba.

Mai gadi ne ya nuna mana wurin. Ina cikin addu'a sai na ga yaron ya tsuguna da tsinke yana rubuta UMMA a ƙasa.

"Me kake yi, Sadiku?"

"Abba, don kar ta sake ɓace mana. Ai yanzu na iya."

Ga hadari ya haɗo. Jama'a, da ku ne, me za ku ce masa?