Takalmin ƙafar hagu

Sannunku mutanena. Yau wani tsoho ya sa ni hawaye a tsakiyar kasuwa.

Na kai wa Baba Iliya, mai gyaran takalma ɗan cocinmu, takalmina ya ƙara wa na hagu tudu. Tunda keke ya kaɗe ni nake ɗingishi, shi ya sa duk hotunana a zaune nake. Ga shi ranar Lahadi ni zan kai doyar godiyar girbi gaban coci, kowa na kallo.

Ya jujjuya takalmin ya ce, "'Yata, Yakubu da ya yi kokawa da Allah, da me ya koma gida?"

Na ce, "Da albarka, Baba."

Ya yi dariya. "Da ɗingishi ma. Shi ne shaidar Allah ya taɓa shi."

Sai na ji hayaniyar kasuwa ta yi nisa. Kamar ina hango Yakubu a bakin kogin garinmu, Mayo Gwoi, rana na fitowa, yana jan ƙafa cikin yashi, ba ya ɓoyewa. Ni ma ai a gadon asibiti na koyi addu'a.

Na karɓi takalmina yadda yake. Haka zan taka ranar Lahadi.

Ku fa, wane ciwo ne ya matso da ku kusa da Allah?