Tambayar da Maman Becky Ta Yi wa Mai Faci

Idan ka sauka daga keke a bakin garejin Nasarawa, kafin ka kai wurin masu doya, hancinka zai nuna maka rumfar Maman Becky. Shinkafa da wake kullum, tuwon masara da miyar karkashi, ranar Asabar kuma faten acca irin na gida. Sunanta Celina, amma direbobi kaɗan ne suka san haka. Mutuniyar Zonkwa ce. Tana budurwa ta biyo yayanta Jethro, wanda yake aiki a masaƙa a Kakuri, ta zauna, ta yi aure, ta haifi Becky da ƙannenta. Da mijin ya rasu, tukunyar nan ce ta riƙe gidan.

Mace ce mai dariya daga ciki. Ka rage abinci a kwano ta biyo ka har bakin titi tana tambaya ko gidanku an fi ta iya girki. Amma shekaru da yawa akwai sunan da ba ta iya kamawa, sunan Jethro.

Da masaƙu suka rufe, Jethro ya taɓa wannan sana'a ya taɓa waccan, sannu a hankali ya daina hira. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya bi gidajen dangi yana neman gafara, ya ba maƙwabcinsa takalminsa na fita. Kowa ya ji daɗi, ana cewa Jethro ya kama Allah. A makon nan ya kashe kansa. Ranar biso babu waƙa, matan zumunta ba su fito da tulunan kiɗansu ba, masu gaisuwa suna shigowa kamar an aiko su dole. Manyan gida suka ce duk wanda ya tambaya a ce masa hawan jini ne. Haka Celina ta yi ta faɗa har bakinta ya saba.

An daɗe da yin wannan, wata ranar taron zumuntar mata aka ba Vicky dama ta yi magana kan lafiya. Vicky nas ce a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Ta ce masu bincike sun duba sun gano cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Mata suka yi ta tsaki a hankali. Wata ta ce, "Allah ya raba. Abin da ba a faɗa ba ma yana zuwa, balle a kira shi da suna." Celina tana cikinsu. Ta dai tafi gida da maganar.

To, a gefen rumfarta akwai Malam Zakariyya'u mai faci, mutumin Tudun Wada. Shekaru suna maƙwabtaka. Da azumi takan ajiye masa kunun tsamiya na shan ruwa, da Kirsimeti shi ake kira ya yanka kaji don kowa ya ci. Aikinsa bayan faci shi ne kushe mata miya. A shekarar da mahaifiyarsa ta rasu aka kuma rushe 'yar rumfarsa ta bakin titi, ya koma aiki ƙarƙashin bishiya. Ya rage magana, ya rage ci. Mutane suka ce haƙuri ne irin na malamai.

Wata safiya sai ga shi da farin kaftani, a ranar aiki. Ya bi layin keke yana ba kowa hannu yana cewa a yafe masa. Ku kun san al'adar: mai shirin Makka ko doguwar tafiya yakan zagaya neman yafiya, kuma amsar a bakin kowa take. Direbobi suka yi ta cewa, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya jawo injin iskarsa ya miƙa wa Audu direba, ya ce ya riƙe.

Audu ya yi dariya. "Malam, Umara za a tafi a ɓoye? To ni dai dabino, ban da tasbaha, ina da ita."

Zakariyya'u ya yi murmushi, ya ƙaraso rumfar abinci.

"Maman Becky, shekara da shekaru ina cin abincinki ina kushewa. Ki yafe mini."

"Ina za ka?"

"Babu ko'ina."

"Injin fa, da me za ka yi aiki gobe?"

"Gobe ta Allah ce."

Ludayi ya tsaya a hannunta. Ta taɓa ganin wannan zagayen, ta kuma san inda ya ƙare. Ta ce ya zo ya taya ta ɗaga buhu a bayan rumfa. Babu wani buhu, benci ne kawai da bokitin wanke kwanuka. Ta zauna, ta nuna masa gefe.  Idan fa matan nan sun yi gaskiya, ita ce za ta kira abin? Idan kuma ta yi shiru ya tashi ya tafi?

"Malam Zakari, zan tambaye ka abu, in ka ga dama ka zage ni. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Ya miƙe tsaye. "Wace irin magana ce wannan? Ni Musulmi ne, na san hukuncin."

"Ban tambaye ka hukunci ba. Mu ma muna da shi a littafinmu. Abin da ke ranka na tambaya."

Ya tsaya yana kallon bokitin. Can waje wani yana buga kwano yana kiran a zuba masa wake, ba ta ko waiwaya ba. Zakariyya'u ya koma ya zauna, ya cire hula ya riƙe.

"Ya daɗe yana zuwa mini," in ji shi. "In kore shi ya dawo. Na gaji, Maman Becky. Gani nake matata Dije da yara za su fi hutawa in babu ni."

Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce ya dubi waɗanda suka fi shi wahala ba. Ta bar shi ya yi magana har ya tsaya da kansa. Sannan ta gaya masa labarin Jethro yadda yake, babu hawan jini a ciki.

"Mu da ya bari ba mu huta ba," ta ce. "Har yau. Don haka ka ji: yau ba za ka zauna kai kaɗai ba. Za mu kira Dije, mu tafi Barnawa."

"Barnawa? Ni mahaukaci ne?"

A garin nan, kun sani, in yara suna tsokanar juna sai su ce za a kai ka Barnawa. Duk gidajen ma'aikata da shagunan unguwar, asibitin kawai ake nufi.

"Ciwon gwiwata asibiti nake kai shi, ban taɓa rufe fuska ba. Naka ciwon a ciki yake, shi ne bambancin. Ba ni lambar matarka."

Ya ba ta. Ta kira Dije, ta kira Vicky, ta leƙa ta yafito Audu. Da izinin Zakariyya'u ta gaya masa a gajarce. Audu ya dafe sitiyari.

"Subhanallahi. Malam, ai wannan rashin tawakkali..."

"Tuƙi aka kira ka ka yi," in ji Maman Becky. "Liman yana masallaci."

Audu ya haɗiye sauran, ya tayar da keke. Shinkafar ranar ta ƙone a kan wuta, mai doya ce ta sauke tukunyar.

Dije ta same su a asibiti, mayafi a karkace. Ta ce ta daɗe tana ganin ba ya barci, ta ɗauka sammu ne, ta yi ta karɓo masa rubutu. Likita ya zauna da shi, sannan ya kira ta ya ce ciwo ne, kuma yana da magani. Addu'a ta ci gaba, in ji shi, magani da zuwa ganin likita su ma su ci gaba. Ya gaya mata abin da za ta kawar daga gida da alamun da za ta lura da su.

Ba a warke a mako ɗaya ba. Akwai lokacin da ya ajiye maganin don yana sa shi kasala, Dije ta lallaɓa shi suka koma aka canza masa. Da ya dawo ƙarƙashin bishiya wasu direbobi suka riƙa wuce shi da tayar da ta sace, suna raɗa. Audu, wanda ya so yin wa'azi, shi ya riƙa tare su yana cewa, "Kai da kake shan maganin basir a gaban kowa, wa ya guje ka?" Ranar asibiti kuma shi yake kai shi. Har yanzu akwai ranakun da Zakariyya'u yakan zo ya ce, "Yau da nauyi." Sai Maman Becky ta matsa ta ba shi wuri a benci, ta kuma tabbata Dije ta sani kafin ya tashi.

Da daminar bara babbar 'yarsa Nafisa ta samu shiga makaranta a Zariya. Suka biyo ta gareji su uku, ita da iyayenta, shi da akwati a kai, ya hana kowa taɓawa. Yarinyar ta durƙusa ta gaida Maman Becky, aka cusa mata ƙullin soyayyen nama. Dije ta kama hannuwan Maman Becky biyu ta riƙe.

"Maman Becky, ni ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Ni tambaya na yi. Ke kika yi jinya, shi ya daure. Ni ce ma da godiya, da ya amsa mini."

Zakariyya'u ya gyara zaman akwatin. "In kun gama, motar Zariya ba ta jiran mata."

Ya yi gaba, yana gaya wa 'yarsa ta zauna kusa da taga, ta kuma kira shi da zarar sun isa.